Wanda aka yanke wa tumbi zai iya ajiye maganin kolestirol?

Kawu: Salamu alaikum. Aminina ya dawo daga Turkiyya, an yi masa tiyatar rage ƙiba, teɓa duk ta zube. Na ce masa ya watsar da maganin kolestirol ɗin nan. Kitsen da ke toshe jijiyar zuciya ai ya tafi.

Goggo: Wa alaikumus salam. Yaya, yaushe ka zama likita? Ga ɗiyarka likita nan a gidan, ka tambaye ta mana.

Likita: Kawu, Allah ya ƙara girma, kitsen teɓa daban, na cikin jini daban. Maiƙo ba ya narkewa a jini, sai furotin ya ɗauke shi kamar kwale-kwale. Irin kwale-kwalen da ake kira LDL shi ke liƙewa a bangon jijiya, wanda ake kira HDL kuma yana kwaso kolestirol ya mayar hanta. Bayan tiyata kitsen da ake kira tiragilisarayid yana sauka sosai, HDL ya hau. LDL ne mai taurin kai.

Kawu: To ai biyu cikin uku an ci riba.

Auta: Ni ina bayan Kawu. A Suwidin tun 1987 ake bin mutum kusan 2,000 da aka yi wa tiyatar, ana kwatanta su da masu ƙiba irin tasu da ba a taɓa ba. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi ƙaranci a waɗanda aka yi wa, mutuwa ma haka.

Likita: Gaskiya ne, Auta, amma ka karanta har ƙasa. A wannan binciken, bayan shekara 10, matsalar yawan kolestirol ba ta bambanta sosai tsakanin rukunin biyu ba. Ribar ta fi fitowa a suga da tiragilisarayid da HDL. Kuma ba ƙuri'a aka jefa wajen raba mutanen ba, kowa shi ya zaɓi hanyarsa.

Goggo: Wai duk tiyatar iri ɗaya ce?

Likita: A'a, Goggo, nan ma gizo ke saƙa. Akwai wadda ake cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, ya koma kamar ayaba. Akwai wadda ake karkatar da abinci ya tsallake farkon hanji. Ta biyun ta fi sauke LDL, don jiki ba ya tsotsar kolestirol kamar da. Ta farkon sau da yawa tana barinsa kusan inda yake. Ga kuma Lp(a), wani mai kama da LDL wanda gado ne, rama ba ta cika taɓa shi ba.

Kawu: Tasa ta ayabar ce.

Goggo: Ka ji ko!

Likita: To don Allah, Kawu, ka kira shi yau. Ya ci gaba da shan maganinsa, ya je a ɗebi jini a auna, likitansa ne zai ce a rage ko a bari. A duba masa bitamin B12 da sinadarin ƙarfe ma, suna yawan raguwa bayan aikin.

Kawu: Zan kira shi. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, zuciyarsa ta fi ta bara hutawa.

Likita: Wannan kam ban musa ba.