Fim ɗin tsuntsayen nan a haka ya ƙare ko dai yanke min aka yi?

Abban_Hanifa (Tudun Wada)

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya sani ya fitar da ni daga duhu. Shekaranjiya na je wajen yaron da yake tura min finafinai a waya nan wajen Kasuwar Bacci, na ce ya sa min wani abu mai ban tsoro amma banda na aljanu da fatalwa don uwargida ba ta kallon irinsu, sai ya tura min wani tsohon fim na Turawa wai shi The Birds, ya ce tun 1963 aka yi shi. Da farko har na so in goge, don an daɗe ana tafiya babu abin da ake yi sai wata 'yar masu kuɗi da ta sayi tsuntsaye biyu a keji ta bi wani lauya da su tun daga birni har ƙauyensu na bakin ruwa, na ce wannan ai soyayya ce yaron nan ya ci kuɗina a banza. To daga inda wani farin tsuntsu ya sauko ya fasa mata goshi tana cikin ƙaramin jirgin ruwa, daga nan ban ƙara tashi ba, shayin da aka kawo min ma a nan ya huce.

Abin da ya ɗaure min kai ƙarshen ne. Sun fito daga gida suna sanɗa, tsuntsaye sun cika ƙasa da kan rufi ko ina, suka shiga mota suka ja a hankali, shikenan fim ya ƙare. Ba a kashe tsuntsayen ba, ba a ce ga abin da ya tunzura su ba, ko rubutun ƙarshe ban gani ba. Ni dai a sanina ko fim ɗin Indiya ne sai bos ya mutu kafin a tashi. Akwai kashi na biyu ne, ko yaron ne bai tura min duka ba in koma masa gobe?

Malam_Tsohon_Ticha (Unguwar Sarki)

Wa alaikumus salam. Ɗana kada ka je ka yi wa yaron mutane faɗa, cikakke ya ba ka. Fim ɗin bai kai awa biyu cif ba, saura kaɗan, in naka ya kai haka to babu abin da aka yanke. Mai fim ɗin, Alfred Hitchcock, Baturen Ingila ne da ya koma Amurka da aiki, da gangan ya ƙi sa rubutun ƙarshe don mutum ya fita daga silima yana jin abin bai ƙare ba. Ga shi kuwa kai ma ya bi ka har gida.

Ni na fara kallonsa ne a kaset ɗin bidiyo a gidan wani abokin aikina tun ina koyarwa, mu wajen goma a falo, kuma irin gardamar da ka kawo ita muka yi a daren. Wani a cikinmu ya rantse cewa tsuntsayen kejin nan biyu su ne mugun abu, wani ya ce a'a matar ce ta zo da baƙar ƙafa. In ka lura a cikin fim ɗin ma an yi wannan gardamar, a gidan abincin nan da mutanen gari suka taru: ga tsohuwa masaniyar tsuntsaye tana cewa ba zai yiwu ba, tsuntsu ba shi da ƙwaƙwalwar haɗa kai ya kai hari, ga wani mashayi a gefe yana ta cewa tashin duniya ne ya zo, daga baya kuma wata mata mai yara ta nuna baƙuwar da yatsa ta ce tun da kika zo garin nan abin ya fara. Kowa ya kawo nasa dalilin, fim ɗin bai gaskata ko ɗaya ba. Da a ce an fito an ce wata guba suka ci ko wani boka ya turo su, da ka kashe waya ka yi barcinka lafiya lau, don abin da aka san dalilinsa ana sa ran maganinsa.

Asalin labarin wata marubuciyar Ingila ce Daphne du Maurier ta rubuta shi gajere, ya fito 1952, nata a bakin tekun Ingila ya faru kan wani ma'aikacin gona da iyalinsa. Hitchcock ya ɗauki tsuntsayen kawai ya mai da abin Bodega Bay, wani ƙaramin garin masunta a Kalifoniya arewa da San Faransisko. Kuma a watan Agusta na 1961 an wayi gari a wani gari mai suna Capitola a Kalifoniyar, tsuntsayen teku sun yi ta faɗowa suna dukan gidaje da motoci suna mutuwa a titi, jaridu suka buga, shi ma Hitchcock ya nemi labarin. Sai bayan kusan shekara hamsin masu bincike suka danganta abin da wata guba da ke fitowa daga gansakukan teku, ƙananan kifaye su ci, tsuntsu ya ci kifin kansa ya juye. Amma wannan na zahiri ne, kada ka ɗauka shi ne amsar fim ɗin.

Wani abu kuma, koma ka saurara da kyau, babu kiɗa a fim ɗin nan. Kukan tsuntsayen da kaɗa fukafukin da kake ji yawanci da wata na'urar lantarki aka haɗa su a Jamus, wani mai suna Oskar Sala ya yi aikin. Mu da muka saba kiɗa ne yake gaya mana yanzu za a tsorata, a nan sai shiru kawai, shirun kuma ya fi kiɗan cin rai.

Ummu_Sadik (Malali)

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Ni wajen makarantar nan ne ya gama da ni wallahi. Baƙuwar nan tana zaune a benci a waje tana jiran a tashi yara, yaran suna ciki suna ta maimaita wata waƙa mai tsawo kamar ba za ta ƙare ba, a bayanta kuma hankaka ɗaya ya sauka kan ƙarafunan wasan yara, sai suka zama huɗu, sai kyamara ta daina nuna maka su ta tsaya kan fuskarta, kai da kake kallo ka san suna taruwa ita ba ta sani ba, ni har magana na yi da ƙarfi na ce ke juya mana! Lokacin da ta bi wani da ido har ya sauka, ta ga ƙarfen ya yi baƙi ƙirin. Babu jini babu ihu amma sai da na ji cikina ya juya. Ina da yara biyu a firamare shi ya sa ƙila.

Amma ni tunda na ji abin da jarumar ta sha na rage ganin girman daraktan gaskiya. Tippi Hedren sunanta, wannan ne fim ɗin da ya fito da ita, a tallar talabijin ya gan ta ya ɗauko ta. Ita da bakinta ta faɗa cewa wajen ɗakin saman nan da tsuntsaye suka rufe ta, an ce mata na roba za a yi amfani da su, da ta zo sai ta tarar masu rai ne, kwana biyar ana jefa mata su, wasu ma an ɗaure su da zare a jikin rigarta, har ɗaya ya kusa tsone mata ido likita ya ce sai ta huta. To tsoron da muke gani a fuskarta muna cewa ta iya aiki, ashe baiwar Allah da gaske take.

Kuma Baba ku yi haƙuri, ni har yanzu ban ga abin da ya kai ta ɗakin saman ba ita kaɗai da tocila cikin dare, kowa yana barci ta ji motsi maimakon ta tashi namijin sai ta hau. Wace mace ce za ta yi haka?

Sagir_Kawo

Ni fa ku yi min afuwa ban ga abin tsoro ba. Wajen da yara suke gudu a titi tsuntsayen suna binsu ƙarara kake gani an liƙa su ne a kan hoton, ƙannena dariya suka yi ta yi. In dai dabba ce ke kai hari a ba ni Jaws na 1975, fim ɗin ƙaton kifin nan mai cin mutane, wannan kiɗan nasa kaɗai ya isa, kuma a ƙarshe an fasa kifin kowa ya huta. Shi ma ai an ce kifin ƙarfen da suka ƙera ne ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri shi ya sa daraktan, Spielberg, bai cika nuna shi ba sai can gaba, kuma hakan ya fi. Na tsuntsu kam, haba, tsuntsun da yaro zai kora da danƙo?

Ɗan_Fadama (Rigasa)

Sagir da gani a birni aka haife ka. Ka taɓa ganin jan baki sun sauka a gona? Ni a ƙasar Haɗeja na taso kafin mu dawo Kaduna, kowanne bai kai tafin hannunka ba, amma in suka taso sai ka ɗauka hadari ne ya haɗo, ƙararsu kaɗai kamar iska mai ƙarfi, su sauka kan gero ko shinkafa kafin ka ruga daga wannan kusurwa zuwa waccan sun gama da zangarniya. Tun asuba ake tura mu da gwangwani da majajjawa muna ihu har murya ta dushe, ka kore su nan su sauka can. Har jirgin sama ake ɗaukowa ya yi musu feshi a inda suke kwana a Jigawa da Kebbi da Yobe kuma baɗi su dawo. Danƙo nawa za ka harba?

Shi ya sa ni fim ɗin nan ya shige ni. Kifin ka na teku, in ban shiga ruwa ba ina ruwana da shi, mu nan teku ma sai a hoto, ko kadan da aka ce daga sunansu aka samo sunan garin nan in ba ka je bakin kogi ba ba abin da zai haɗa ku. Tsuntsu fa? Yana kan wayar wuta a ƙofar gidanka, yana kan katanga, tantabara ma a cikin gida muke kiwonta. Kuma abin da ya fi burge ni, tun kafin a fara kashe kowa, tsohuwar nan uwar lauyan ta buga waya tana ƙorafin kajinta sun ƙi cin abinci, ta ɗauka mai sayar da abincin kajin ne ya cuce ta, sai aka ce ai kajin maƙwabcinta ma sun ƙi. Duk mai kiwo ya san in kaji suka ƙi ci gaba ɗaya to akwai magana. Da ta je gidan maƙwabcin ne ta tarar da kofuna a farfashe, shi kuma a jingine a ɗaki babu idanu. Wanda ya sa maganar kajin nan ya san dabbobi.

Kuma mu da muka haddace Alam tara tun muna allo bai kamata a ce sai Bature ya nuna mana ƙaramin tsuntsu ba abin rainawa ba ne, ba wai ina haɗa su ba ne fa kada a fassara ni.

Malam_Tsohon_Ticha (Unguwar Sarki)

Sagir maganarka ta liƙi gaskiya ce, ana gani. Amma ka tuna ba a irin wannan haɗin hoto da kwamfuta a lokacin, tsuntsaye na gaske aka horar, aka ɗauki hotonsu daban aka ɗora a kan na mutane, wani ƙwararre daga kamfanin Disney mai suna Ub Iwerks ya jagoranci haɗin, har aka sa fim ɗin a takarar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, a wannan fannin, fim ɗin Cleopatra ya kayar da shi. Ka sake duba wajen da gidan mai ya kama da wuta, kyamara ta koma can sama kana kallon garin ƙanƙane da layin wuta a tsakiya, sai tsuntsu ɗaya ya shigo ta gefen allo, sai wani, sai wani, kamar kai ma kana cikinsu kuna shirin sauka.

'Yata Ummu Sadik, tambayarki ta ɗakin sama ba ni da amsa, ni ma matata abin da ta ce kenan.

Abban_Hanifa (Tudun Wada)

Na gode ƙwarai Baba, Allah ya saka da alheri, na duba nawa awa ɗaya ne da minti hamsin da tara, yaro ya tsira. Na sake kallon ƙarshen jiya da daddare bayan an ɗauke wuta, sai yanzu na lura ashe yarinyar nan ƙanwar lauyan har da tsuntsayen kejin ta shiga motar, tana cewa ai su ba su yi wa kowa komai ba, kuma aka bar ta! Ni ne da sai dai ta zauna da su a can.

Ɗan Fadama ka tuna min da shirwar da ta taɓa fizge min tsire a hannu ina yaro a bakin kasuwa, har yau akwai ɗan tabo a babban yatsana, a lokacin kuka na yi don naman ba don ciwon ba. Yau da safe kuma uwargida ta fita shanya ta dawo da bokitin kayan a hannu, wai hankaki uku ne a kan katanga suna kallonta, sai da na fita na kore su, biyu suka tashi ɗayan ya matsa gefe kawai.