Takardar raba aure ta ɓata: yaya ake karɓo kwafinta a kotun Shari'a?

Baban Walida, Taura:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin kotu. Ƙanwata ce aka raba aurensu ta hanyar khul'i (wato ta biya kuɗi ta fanshi kanta) a kotun Shari'ar Musulunci shekarun baya, aka ba ta takarda, sai ambaliyar 2022 ta ci ɗakinta da duk abin da ke cikin akwati. Yanzu Allah ya kawo manemi, kuma liman da waliyyan ango sun ce sai sun ga shaida kafin a sa rana. Alƙalin da ya yi shari'ar an ce an yi masa canjin wurin aiki, kuma ba ta riƙe lambar ƙarar ba. Ta ina za mu fara? Ni zan iya zuwa a madadinta, ko dole sai ita da kanta?

Tsohon Akawu, Ringim:

Wa alaikumus salam Baban Walida. Da farko ka cire damuwar canjin alƙali daga ranka. Alƙali ba ya tafiya da littafin shari'a. Littafin na kotu ne, yana hannun rijistara, kuma alƙalin da ya gaji kujerar shi ya gaji littattafan. Saboda haka kotun da aka yi zaman ita za ku nufa, ba garin da aka mayar da alƙalin ba, ba kuma Dutse, babban birnin jiha, ba.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne gano shafin. A yawancin kotunan karkara babu kwamfutar da za a danna suna ya fito. Akwai rijistar ƙararraki wadda ake shigar da kowace ƙara ranar da aka shigar da ita: lamba, sunan mai ƙara, sunan wanda ake ƙara, da abin da ake nema. Sannan akwai babban littafin shari'a inda ake rubuta abin da kowa ya faɗa da hukuncin da aka yanke. Lambar ƙarar aure tana farawa da CV, sai lamba, sai shekara. Idan kun samo ta, aikin rabin sa'a ne. Idan babu, sai an bi rijistar layi-layi.

To kafin ku kashe kuɗin mota, ku zauna a gida ku haɗa waɗannan. Cikakken sunanta kamar yadda ta faɗa a kotu, wanda sau da yawa sunanta ne da na mahaifinta ko na unguwarsu, ba wanda ke jikin katin ɗan ƙasa ba. Sunan tsohon mijin da laƙabinsa. Sai shekara da wata. Mata ba su cika riƙe kwanan watan Bature ba, amma za ta tuna ko kafin azumi ne, ko bayan Babbar Sallah, ko lokacin kaka, ko tana goyon wane. Wannan ya isa a rage binciken zuwa wata biyu ko uku. Ku lura kuma, lambar tana bin shekarar da aka shigar da ƙara ne, ba shekarar da aka yanke hukunci ba. Ƙarar da aka shigar a Disamba aka gama a Maris tana cikin rijistar shekarar da ta gabata, kuma nan ne mutane da yawa ke komawa gida a ce musu ba a gani ba. A duba kuma ko akwai ragowar takardar sammaci ko rasit a hannun waliyyinta, ko mai unguwar da aka bi ta hannunsa wajen kai sammaci, domin lambar tana jikinsu.

Daga nan sai a rubuta takardar buƙata zuwa ga rijistaran kotun. Hausa ta wadatar, layi biyar ko shida: ni wance, mai ƙara a shari'ata da wane, ina neman kwafin hukunci da takardar shaidar rabuwar aure saboda tawa ta salwanta. Ta sa hannu ko ta dangwala. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe.

Abu biyu ne daban, kada a haɗa muku su. Takardar shaidar rabuwar aure shafi ɗaya ce, ita liman yake son gani. Kwafin shari'a kuwa shi ne duk abin da aka rubuta a littafi tun daga zaman farko, sai an kwafe shi an buga, kuma kuɗinsa yana bin yawan shafuka. Ni a ganina ku nemi takardar shaidar tare da shafin hukuncin kawai, ba ku da buƙatar dukan shari'ar. Duk abin da kuka biya a ba ku rasit na gwamnati mai lamba. Wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce ku kawo ya shigar muku, ku gaishe shi ku wuce ofishin rijistara.

Batun wakilci: ta je da kanta ka raka ta, shi ya fi sauƙi. Sirrin aure ne, rijistara mai hankali ba zai miƙa wa kowa ba. Idan ba za ta iya zuwa ba, ta rubuta maka takardar wakilci, ka haɗa da kwafin katinta da naka. Ku je da safe kafin alƙali ya hau zama, Litinin zuwa Alhamis, domin Juma'a ana tashi da wuri.

Malam Na-Jahun:

Allah ya saka wa Tsohon Akawu da alheri. Zan ƙara abin da ya shafi karanta takardar, domin samunta daban, fahimtar abin da ke cikinta daban.

Khul'i a mazhabar Malikiyya saki ɗaya ne ba'ini. Tsohon miji ba shi da ikon mayar da ita ko da tana cikin idda, sai da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki da yardarta. Amma ku duba lafazin hukuncin da kyau. Wani lokaci alƙali yakan rubuta cewa an raba aure idan ta biya kaza. In haka ne, dole littafin ya nuna ranar da aka biya da wanda ya karɓa. Idan kwafin da aka ba ku ya tsaya a kan sharaɗin bai nuna biyan ba, tsohon miji yana iya tasowa ranar ɗaurin aure ya ce matarsa ce, kuma wannan fitina ce da ake iya kauce mata da shafi ɗaya. Ku ce a haɗa muku da shafin da aka rubuta karɓar kuɗin.

Ranar rabuwa ita ce abu na biyu, domin daga ita ake lissafin idda: tsarki uku ga mai al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, haihuwa ga mai ciki. Ga ƙanwarka an daɗe da wuce wannan, amma a tabbata ranar hukuncin ce a jikin takardar, ba ranar da aka buga sabon kwafi kaɗai ba. Liman da ya ga kwanan watan makon jiya zai ce a jira idda.

Ga sauran masu karatu kuma: mafi yawan sakin da ake yi a ƙauyukanmu bai taɓa shiga kotu ba. Miji ne ya furta, ko ya rubuta a 'yar takarda ya ba yaro ya kai. Sakin ya auku a shari'a, amma kotu ba ta da abin da za ta kwafa. Wadda irin wannan takarda ta ɓace mata ba kwafi za ta nema ba, ƙarar tabbatar da saki za ta shigar. A aika wa mijin sammaci, in ya yi iƙirari a gaban alƙali shi ke nan, in ya musa ta kawo shaidu biyu maza adalai da suka ji. Bayan nan kotu ta ba ta takardarta. Ina roƙon iyaye su riƙa yin wannan tun saki yana ɗanye, shaidu suna raye, ba sai manemi ya fito ba.

Lauya Ɗan Gaya:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Nawa a kan tabbatar da kwafin ne. Hoton takarda da aka yi a shagon kasuwa ba hujja ba ne. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya faɗi yadda tabbataccen kwafi yake: a biya kuɗin da doka ta sa, jami'in da takardar ke hannunsa ya rubuta a ƙasanta cewa kwafi ne na gaskiya, ya sa kwanan wata, ya rubuta sunansa da muƙaminsa, ya buga hatimi. Kafin ku bar ofishin ku ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka fi mantawa shi ne suna da muƙami, a yi sa hannu kawai, kuma idan magana ta kai babbar kotu hakan kaɗai yana sa a ƙi karɓar takarda. In shafukan sun fi ɗaya, a buga hatimi a kowanne.

Ku tambayi rijistara ko an ɗaukaka ƙara. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya tafi Babbar Kotun Shari'a, daga can kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Idan an ɗaukaka, hukuncin kotun sama shi ne abin riƙo, can za ku karɓo kwafi.

Idan sunan da ke littafi ya saɓa da na katinta, kada ku yarda a gyara muku da biro a jikin kwafi. A bar shi yadda yake a littafi, ta yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu nata ne, a haɗa su. Wanda kuma zai kai takardar ƙasar waje, kamar Saudiyya, sai an fassara ta, an kai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tantance, sannan ofishin jakadancin ƙasar. Masu auren rijista kuwa, nasu ba na kotun Shari'a ba ne ko kaɗan, Babbar Kotun Jiha ce ke raba shi a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma hukuncin farko ba ya zama na ƙarshe sai bayan wata uku.

Baban Walida, Taura:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Baba Akawu, saura tambaya ɗaya: idan muka je aka ce littafin shekarar ma ruwa ya ci shi, ko gara ta cinye, ina mafita?

Tsohon Akawu, Ringim:

Yana faruwa, musamman inda rufin ɗakin ajiya yake yoyo. Amma kada ku karɓi wannan amsa da baki kawai a zuwan farko. Littafin shari'a da rijistar ƙararraki ba abu ɗaya ba ne, da wuya su lalace tare, sannan akwai ragowar kundin da ake yago takardar shaida daga ciki. Wani lokaci kuma an kwashe tsofaffin littattafai zuwa Babbar Kotun Shari'a ta yankin, musamman na zamanin kotunan eriya kafin a mayar da su kotunan Shari'a a 2000. Ku nemi a duba duka. Idan an yi ta yi muku jeka-ka-dawo, akwai sufeton kotunan Shari'a na shiyya, aikinsa ke nan, ku kai masa kwafin takardar buƙatarku mai hatimin karɓa.

In an tabbatar babu, rijistara ya rubuta muku haka a takarda. Da ita ƙanwarka za ta shigar da ƙarar tabbatarwa kamar yadda Malam ya faɗa, a kira tsohon mijin da waɗanda suka halarci zaman, waliyyinta da wanda ya miƙa kuɗin khul'in. Ka gaya wa dangin ango su ɗan saurara da sa rana har takarda ta zo hannu, domin sammaci kaɗai yana iya cin mako biyu idan mijin ya tafi ci-rani.