Jari ko konkur: wanne ya fi wa yaro?

Alhaji mai albasa, Marwa: Assalamu alaikum jama'a. Na faɗa a majalisa jiya, kuma ina nan kan bakana: uban da ya sayar da sa don ɗansa ya yi ta zaman konkur, wato jarrabawar neman shiga aikin gwamnati a nan Kamaru, shekara da shekaru ya yi asara. Aikin albashi yanzu ba komai ba ne sai jiran wata ya mutu. A ba yaro jari ya shiga kasuwa. Mai musu ya zo ya duba littafin bashin shagon ƙanena, yawancin sunayen na ma'aikata ne.

Malamin lise (sakandare), Garwa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Littafin ba zan musa ba, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma me ya sa ƙanen naka yake ba ma'aikaci buhun shinkafa bashi, ya hana ɗan dako? Don ya san ƙarshen wata kuɗin ma'aikaci zai shigo, ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba. Wannan tabbacin muka saya da shekarun karatu.

Alhaji mai albasa: Tabbacin da ya sa kuka ajiye alli a 2022?

Malamin lise: Ka taɓo inda yake ciwo. Yajin aikin malamai da ake kira OTS na watan Fabrairun 2022 ba don jin daɗi aka yi shi ba. Malami zai fito daga makarantar horon malamai, a tura shi ƙauyen da ba ya jin yaren mutanensa, a riƙa ba shi kashi biyu cikin uku na albashi, saura sai takardunsa sun gama yawo ofis-ofis. Wasu ko lambar matrikil, wato lambar ma'aikacin gwamnati, ba su da ita, shekaru suna shiga aji. Ni kaina ajina ya haura ɗalibai 100, takardun jarrabawa kan tabarma nake gyara su bayan isha'i. Duk da haka ban ga wanda ya samu matrikil ya mayar ba.

Baba mai ritaya, Ngaundare: Malam, ɗana, kalmar tabbaci ka riƙe ta da hannu biyu, don mu mun ga ranar da ta suɓuce. A 1993 sau biyu aka zaftare mana albashi, a Janairu da Nuwamba. Ba mu gama farfaɗowa ba, Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Na ga shugaban ofis yana noma masara bayan gidan gwamnati, na ga matan manyan ma'aikata sun fara suyar ƙosai a ƙofar gida. A shekarun nan mahauta da masu kilishi na unguwarmu su suka riƙe mu, nama kan bashi, ba gori. Don haka Alhaji bai yi ƙarya ba. Sai dai ga ni yau, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, fansho kuwa yana shigowa. Abokan nawa mahauta, wanda Allah bai ba shi ɗa mai tausayi ba, har yanzu yana bakin tukuba.

Direban tirela, Kuseri: Ku duk kuna magana kamar hanya biyu ce kawai. Ni mai albashi ne, amma ba ni da takarda ko ɗaya. Daga Duwala zuwa Njamena kusan kilomita 1,800. Ka sauko gangaren Ngaundare da lodi kana addu'a birki ya riƙe, ka wuce Mora da Dabanga rai a hannun Allah, ga ramuka ga fargaba, ka zo gadar Ngeli ta kan iyakar Chadi ka kwana kan layi. Tun 2023 doka ta ce mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu sefa 60,000 ne, in ban da aikin gona. Ku tambayi yaran mota nawa ne a cikinsu suka taɓa jin wannan labari. Ranar da maigida ya ce ba ni makulli, shi ke nan.

Hajiya ungozoma, Garwa: Sannu direba, Allah ya tsare hanya. Alhaji, ni a asibiti nake ganinku duka. Ɗan kasuwa in ya kawo matarsa haihuwa, hannu cikin aljihu, nan take ya biya. Ma'aikaci kuwa in tsakiyar wata ne sai ya fita waje yana buge-bugen waya. Nan kun ci mu. Amma bari jinya ta yi wata uku. Ma'aikaci yana kwance albashinsa na tafiya, ɗan kasuwa yana kwance jari na narkewa, yaran shago suna cin rabonsu. Ni aikin dare ya hana ni bukin 'yan'uwa da yawa, ranar salla ma wani lokaci a ɗakin haihuwa nake yin ta, ba na cewa da daɗi. Kuma tun 2014 CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ta buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofa su riƙa zuba kuɗin tsufa da kansu. Alhaji, ka taɓa zubawa?

Alhaji mai albasa: Hajiya, fanshona gidajen haya ne da shanu. Kuma kada ku ɗauka ban san asara ba. Albasa ba ta jira. Lokacin kaka kowa ya kawo daga Meskin, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Ka ajiye don ta yi tsada, zafi ya ruɓar da rabi. Ka yi lodi zuwa Yawunde, mota ta lalace a hanya kwana huɗu, ka buɗe buhu ka toshe hanci. Na sha wannan. Bambancin shi ne ni in na faɗi, dabarata za ta tashe ni, ba sai wani ya sa hannu a takarda ba.

Ɗan mashin, Marwa: Baba Alhaji, a gafarce ni, yaro ne ni a cikinku, amma maganar a kaina ake yin ta. Na gama jami'a, na zauna konkur ban samu ba, yau haya nake da mashin ɗin wani. Kullum sai na fara haɗa kuɗin mai mashin, sannan na mai, abin da ya rage shi ne nawa. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta koma 840 a 2024. Ma'aikata an ɗan share musu hawaye da ƙarin kashi 5.2 cikin ɗari, sannan kashi 5. Mu fa? Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri da muke fakewa da shi, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ya daina araha irin ta da, fasinja kuma ba ya yarda a ƙara masa ko dala. Kun ce a ba yaro jari. Baba, wa zai bayar? Ubana ba shi da san sayarwa, ko na konkur ko na kasuwa.

Alhaji mai albasa: Ɗana, ni ma ba da jari na fara ba. Yaron shago na yi. Ka zo ka zauna wurina ka koyi lodi da ciniki, ci da sha a kaina, in lokaci ya yi in sallame ka da naka.

Ɗan mashin: Na gode Baba, Allah ya ƙara arziki. Shekara nawa ne lokacin? Kuma za a rubuta?

Alhaji mai albasa: Mu ba ma rubutu. Amana ce.

Malamin lise: To Alhaji, ai ka zo inda muke. Yaro ya yi shekaru yana aiki a kan guntun haƙƙi, yana jiran ranar da babba zai tuna da shi. Abin da ka zage mu a kai ke nan. Mu dai da muka gaji mun samu abokan yaji. Yaron shago in an ƙi sallamarsa, da wa zai ajiye aiki?

Baba mai ritaya: Da shaidu ake yi a da, Malam. Liman da dattijo biyu na kasuwa. Alhaji, in da gaske kake, ka kira su.

Alhaji mai albasa: Ba a nan za a yanke wannan ba. Ɗana, ka same ni a rumfa bayan la'asar, ka taho da kawunka.