Yarona na son karatun injiniya, ABU ko BUK ko Minna? Dan Allah a ba ni shawara

Baban_Sadiq_Gusau

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar jami'a, don ni sakandare na tsaya na kama kasuwa, kuma wannan ne ɗana na fari ban taɓa kai yaro jami'a ba. Shekararsa 17, ya ci 231 a JAMB, WAEC ɗinsa ma alhamdulillahi ya samu kiredit a Turanci da lissafi da fizis da kimistiri da sauransu. Shi dai tun yana ƙarami ba ya barin abu a rufe, rediyo, fanka, fitila mai caji duk sai ya kwance ya ga cikinsu, yanzu haka shi ya haɗa mana solar gidan da hannunsa, fanel biyu da batir ɗaya da inbata, har maƙwabta suna kiransa in nasu ya fara ƙara. To ABU ya cika, injiniyan lantarki. Matsalar ita ce gidan kowa da nasa ra'ayin. Mahaifiyarsa ta ce ita hankalinta bai kwanta da hanyar Tsafe zuwa Funtua ba, gara Sakkwato inda take da 'yan'uwa. Yayana kuma ya dage sai dai ya koma sibil wai nan kwangila take, wani abokina ya ce in sayar da fili in fitar da shi waje kawai in huta da yajin aiki. Shi kuma yaron kwanan nan ya fara maganar wani kwas wai mekatironiks a BUK, ni ko sunan ban taɓa ji ba sai a bakinsa. Wlh kaina ya ɗaure, ba na so in yi masa zaɓen tumun dare. An ce har yanzu ana iya canza makaranta a JAMB, shi ne nake so in ji ta bakinku kafin lokaci ya ƙure.

Injiniya_ɗan_Samaru

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa Sadiq albarka. Ni a ABU na yi lantarki, yanzu shekara goma sha ina aiki, to bari in faɗa maka abin da na sani tsakani da Allah.

Kafin maganar wace makaranta, ka zaunar da shi ka tambaye shi yaya yake da lissafi, ba wai ya ci kiredit ba, a'a, yana jin daɗin zama da shi awa biyu uku ba ya gajiya? Don abin da ke ba yara irinsa mamaki shi ne sun shigo da son kama sukundireba da waya, sai su tarar shekarar farko babu komai sai lissafi da fizis da kimistiri, shekara ta biyu kuma a haɗa su da 'yan makanikal da sibil a yi ta zanen injiniya da darasin ƙarfin ƙarfe da tafiyar ruwa a bututu, ainihin lantarkin sai aji uku yake kankama kuma shi ma rabinsa lissafi ne. Na ga yara masu basirar hannu sosai da suka karaya a aji biyu saboda ba wanda ya gaya musu haka tun farko. In ya san da wannan ya shirya masa, to hannun nan nasa zai zame masa babban jari, don mu da yawa sai da muka je SIWES, wato koyon aiki a kamfani, muka fara riƙe mita da kyau.

Karatun shekara biyar ne ba huɗu ba, ka sa wannan a lissafin aljihunka. Akwai SWEP, wato horon aikin hannu, bayan aji biyu, sannan wata shida na SIWES a aji huɗu inda zai bar makaranta ya je kamfani, shi ma kuɗin mota da abinci da wani lokacin haya duk kanka ne.

Sai abin da nake roƙonka kada ka yi wasa da shi, duk makarantar da za ku zaɓa ka tabbatar kwas ɗin, shi kansa kwas ɗin ba jami'ar ba, yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i, da ta COREN. COREN ita ce hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya tun 1970, in ba ta amince da sashen ba yaro zai gama ya zo yin rajista ya sha wahala. Jami'a ɗaya sai ka ga sibil ɗinta na da amincewa amma sabon kwas da ta buɗe bara bai samu ba tukuna.

Game da 231, maki ne mai kyau amma lantarki a ABU ana rububinsa, mafi ƙarancin makin da jami'a ke sanarwa daban, wanda sashe ke tsayawa a kai daban. Abin da zai taimake shi, jami'o'in tarayya na raba gurbi kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke yankinsu, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma Zamfara na cikin na ƙarshen nan. Ya dage da shirin Post-UTME, tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB, kuma ya riƙa duba CAPS, shafin JAMB da ake ganin samun gurbi, da kansa kada ya bar wa mai kafe lambar sirrinsa. In ba a dace bana ba akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, ya yi ya shiga aji biyu kai tsaye, ba asarar shekara ba ce.

Ni dai ABU gida ce, tun 1962 take kuma duk ma'aikatar da ka shiga a Arewa, kamfanonin wuta irin su TCN ne ko KEDCO ko Kaduna Electric, sai ka tarar da ɗan Samaru a ciki, wannan na da amfani ranar neman wurin SIWES. Amma ba zan ce maka ita kaɗai ce ba.

Maman_Hafsat

Slm Baban Sadiq. Ni uwa ce kuma na fahimci maman yaron sarai, kada a ɗauki maganarta kamar tsoro ne kawai, ita ce za ta kwana ba barci duk ranar da ya hau hanya. 'Yata tana FUT Minna tana kemikal, aji uku yanzu, mu kuma muna Kaduna. Abin da ya warware mana gardama a gida shi ne mun tashi mun je da ƙafarmu, ni da babanta da ita. Mun shiga Gidan Kwano wajen ƙarfe goma na safe, ba mu nemi kowa babba ba, ɗalibai muka tarar zaune a gindin bishiya da allon zane muka yi musu sallama muka ce 'yarmu ke son shigowa. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta ja mu har ɗakin gwajinsu, ta nuna mana na'urar da ke aiki da wadda aka rufe da leda, ta gaya mana kuɗin ɗaki a waje da yadda ake fama da motar Bosso zuwa Gidan Kwano da safe in ba ka samu hostal ba. Abin da muka ji a awa biyun nan wlh ba mu same shi a wata uku da muka yi muna tambayar mutane a waya ba. A mota muna dawowa ita da kanta ta ce Mama nan nake so.

Don haka shawarata ku ware kwana biyu ku je Zariya ku wuce Kano, ai hanya ɗaya ce, ku tafi da mahaifiyarsa in da hali. Sakkwaton ma ku leƙa tunda akwai 'yan'uwa, ba ƙaramin abu ba ne yaro ɗan 17 ya samu gidan da zai je ya ci tuwo ranar Juma'a a kuma ga yanayinsa. Kuma ku tambayi maganar ruwa da wuta a hostal, mu iyaye mun fi mantawa da wannan sai yaro ya tare.

Usta_Fanteka

Alhaji ni zan ɗan saɓa da injiniya na sama, da girmamawa. Yaron da ya haɗa sola yana ɗan 17 me ya sa ba wanda ya kawo maganar Kadpoly, kwalejin fasaha ta Kaduna? Ni can na yi ND da HND, ƙaramar difloma da babba, a lantarki, yau ina da shago da yara shida a ƙarƙashina muna haɗa sola da borhol har Birnin Kebbi muna zuwa aiki, kuma masu digiri na zuwa wajena koyon aiki bayan bautar ƙasa. Ban ce kada ya yi digiri ba, gaskiya ne a aikin gwamnati har gobe ana fifita mai digiri a kan mai HND, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma in ABU ba ta samu ba kada ya zauna gida shekara biyu yana ta maimaita JAMB, ya yi ND shekara biyu in sakamako ya yi kyau ya nemi shiga jami'a kai tsaye, ya zo da hannu da takarda duka. Maganar yayanka kuma ta sibil saboda kwangila, kwangila ai ba takarda ke kawo ta ba, kuma wanda ransa ke kan waya ka kai shi awon kankare shekara biyar ka zalunce shi.

Abba_aji_huɗu

Baba ina wuni. Ni ɗalibi ne a BUK New Site, makanikal nake amma muna haɗa wasu darussa da 'yan mekatironiks shi ya sa na ce bari in sa baki. Mekatironiks haɗin gambiza ne na makanikal da lantarki da kwamfuta, wato injin da ke sarrafa kansa, kamar layin cika kwalba a masana'antar lemo ko injin buhunta siminti, na'ura ta ji kwalba ta iso ta buɗe ta zuba ta rufe ba hannun mutum. Kwas ne mai daɗi ga irin su Sadiq kuma ATBU Bauchi ma suna yi. Sai dai gaskiyar da zan faɗa, in aka fitar da tallar aiki yawanci za ka ga an rubuta lantarki ko makanikal ko sibil, tsofaffin kwasa-kwasan nan kowa ya san su, mai sabon kwas wani lokacin sai ya tsaya yana bayanin me ya karanta. Wanda ya yi lantarki zai iya karkata can daga baya ta firojek ɗinsa ko digiri na biyu.

Baba dan Allah abu ɗaya, laftof. Ba sai mai tsada ba amma daga aji biyu zai buƙace ta don manhajojin zane da lissafi irin su AutoCAD da MATLAB, ni sai da na yi zango guda ina aron ta abokina da daddare bayan ya gama nasa. Sannan akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye kuma ba ruwa a kai, abokaina da dama da shi suka yi rajista. Ya riƙa bibiyar tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, da na jiha shi ma.

Yajin aiki kam ba zan ɓoye ba, na 2022 daga Fabrairu har Oktoba aka yi, wata takwas, kuma ya shafi ABU da BUK da Minna duka, ba wadda za ka gudu zuwa cikinta a na tarayya. Yayyenmu da abin ya rutsa da su waɗanda suka kama koyon aiki a gareji ko wajen masu sola a lokacin su ne yanzu ba sa neman kuɗin kati a gida.

Hajiya_Umma_Kt

Baban Sadiq kada ka sayar da filin nan, ina roƙonka. Mu mun yi, ƙanena muka tura wata makaranta mai zaman kanta a waje ta hannun wani ejan da ya nuna mana hotunan gine-gine masu kyau a waya, lokacin da muka yi lissafi dala ba ta kai rabin yadda ta koma bayan 2023 ba, yana aji biyu kuɗin ya fi ƙarfinmu, gona ta tafi, sarƙar mahaifiyarmu ta tafi, ƙarshe dawowa ya yi ba takarda ya sake zana JAMB yana ɗan shekara 22. Har yau in na tuna ranar da ya sauka a tasha da jaka ɗaya ya kasa haɗa ido da mahaifiyarmu sai na ji hawaye. Ka kuma tuna yaranmu da aka kwaso daga Sudan a 2023 da yaƙi ya tashi, da yadda gwamnati ta dakatar da tantance takardun digirin Kwatano da Togo a farkon 2024. In yaron ya yi ƙoƙari a nan, digiri na biyu sai ya fita da sikolashif ba da kuɗin fili ba.

Baban_Sadiq_Gusau

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya raya muku zuri'a. Jiya bayan isha'i na ba shi wayar ya karanta duk abin da kuka rubuta, mahaifiyarsa na zaune. Na yi masa tambayar injiniya game da lissafi, ya yi shiru ya ce Baba gaskiya fizis ya fi mini sauƙi amma zan iya, kuma ashe makarantarsu ba su yi ƙarin lissafin nan na 'yan kimiyya ba sam, to yau da safe na je wajen wani malami a unguwarmu mun yi magana zai riƙa zama da shi sau uku a sati kafin a fara. Maganar waje na ajiye ta, Hajiya Allah ya mayar muku da alheri. Yayana ma na kira shi na ce a bar yaron a lantarkinsa, bai ji daɗi ba amma ya ce Allah ya sa albarka.

Mun tsayar da ranar Talata in Allah ya kai mu za mu kama hanya da sassafe mu uku, mu kwana Zariya mu wuce Kano ranar Laraba, ba za mu taɓa komai a JAMB ba sai mun dawo. Abba in kana makaranta ranar ka taimaka ka zagaya da mu, zan turo maka saƙo ta akwatin sirri. Injiniya kuma dan Allah in mun shiga Samaru ta babbar ƙofa ta ina ake bi zuwa sashen lantarkin, kuma wa ya kamata in tambaya maganar COREN ɗin nan, ofishin shugaban sashe ko akwai inda ake dubawa a intanet?