An ce in karɓi adimin na zaure mai mutum 700, ta ina zan fara?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Muna da zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, mu kusan 700 a ciki. Mutum ɗaya ne yake fama da shi tun da aka buɗe, yanzu ya ce ya gaji, shi ne aka roƙe ni in karɓa, aikin sa kai ne. Abubuwan da suka addabe mu su ne talla, saƙonnin da ake turowa ba a tantance ba, da faɗan siyasa. Kwanan nan ma an sace asusun wani, aka riƙa roƙon kuɗi da sunansa. Kuma a ciki akwai waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba. Me zan fara yi? Yaya zan tsawatar wa babba ba tare da an ce na yi rashin kunya ba?

Wani ɗan'uwa:

Wa alaikumus salam. Kafin ka ce ka karɓa, tambayi wane ne ya ƙirƙiri zauren, kuma lambarsa tana aiki ko ba ta yi. Dalili shi ne, a WhatsApp kowane adimin yana iya sauke ɗan'uwansa adimin, ban da wanda ya ƙirƙiri zauren. Shi ba mai iya taɓa shi sai ya fita da kansa. To idan mai ritayar nan shi ne ya buɗe, roƙe shi ya ci gaba da zama a ciki ko da ba zai ce uffan ba. Ran da aka sace wayar wani adimin aka fara korar saura, shi kaɗai ne zai iya dawo da ku.

Na biyu, kada ka yarda ka karɓa kai kaɗai. Mutum 700 sun fi ƙarfin ido biyu. Ku zama uku ko biyar, adadin da ba zai rabu daidai ba in an zo ƙuri'a. A samu mace a ciki, domin akwai ƙorafin da mata ba za su kawo wa namiji ba, musamman na masu ɗaukar lamba daga zaure su bi mace ta bayan fage. A samu kuma babba guda. Ku buɗe ƙaramin zaure naku ku kaɗai, duk muhawara kan hukunci a can za a yi ta. Adimin biyu suna musu a gaban jama'a, shi ke nan doka ta mutu.

Sai saiti. Kunna tantance sababbin shiga, ta yadda ko mutum ya samu mahaɗin gayyata sai kun amince zai shigo. Sabunta mahaɗin, tsohon zai daina aiki nan take, don ba ka san hannu nawa ya bi ba. Hana mambobi canza suna da hoton zaure, ka kuma hana su saka mutane da kansu. Wannan duka bai fi minti goma ba.

Wata 'yar'uwa:

Ƙanena, abin da ke kashe sabon adimin shi ne yin hukunci kafin a yi doka. Ka goge saƙon mutum yau ba tare da ƙa'idar da za ka nuna masa ba, gobe maganar ta koma "ya tsane ni". Ku rubuta dokoki kada su wuce shida ko bakwai, kowacce layi ɗaya, domin doguwar doka ba mai karanta ta. Kuma ku faɗi aikin da aka hana ƙarara. "A girmama juna" ba doka ba ce, kowa yana ganin shi mai girmamawa ne. Amma "ba zagi, ba kiran sunan iyayen wani, ba saka hoton mutum ko lambarsa sai da izininsa", wannan ana iya aunawa.

Kada ku saukar da dokokin daga sama. Ku saka daftarin, ku ba da kwana uku a yi gyara, sannan a kaɗa ƙuri'a a cikin zauren. Wanda ya jefa ƙuri'a da yatsansa yana jin nauyin karya abin da ya amince da shi. Ku rubuta su a bayanin zaure, ku kuma maƙala su a sama. Ku sani maƙalawar ba ta dawwama: awa 24 ce, ko kwana 7, ko kwana 30, sai a sake.

Talla kuwa, kada ku haramta shi gaba ɗaya, za ku sha wahalar banza. Mutane suna da sana'a, kuma suna ganin abokan karatunsu ne kasuwarsu ta farko. Ku ware yini ɗaya a mako, kowa saƙo ɗaya, hoto bai wuce uku ba.

Hukunci kuma mataki-mataki: karon farko a goge saƙon a yi wa mutum magana shi kaɗai, na biyu gargaɗi a fili da ambaton lambar dokar, na uku a cire shi na mako guda, na huɗu sallama. Damfara da hotunan batsa su ba sa bin layi, cirewa ce kai tsaye. Kafin ka goge komai, ɗauki hoton allon ka ajiye a zaurenku na adimin da kwanan wata, saboda in ka goge hujjarka ta tafi. Ka kuma tuna kowa zai ga sunanka a wurin da aka goge, kuma damar gogewar kusan kwana biyu ce kawai.

Wani ɗan'uwa na daban:

Ni kan satar asusu zan tsaya, don ita ce mai cin dukiyar mutane. Hanyar kusan kullum ɗaya ce. Ɓarawo zai saka lambarka a wayarsa, WhatsApp ya turo maka lambobi shida ta saƙon tes, sai ya kira ka ya ce daga zaure ne, za a yi taro, karanto masa lambar da ta shigo don a yi maka rajista. Kana karantowa asusunka ya koma hannunsa, da duk zaurukan da kake ciki. Saboda haka ku sanar a fili cewa ba adimin da zai taɓa tambayar kowa wannan lamba, ku riƙa maimaitawa duk wata.

Kowane adimin dole ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri mai lambobi shida da shi zai zaɓa, ya haɗa da imel. Wanda ya ƙi, a sauke shi, ba wasa a nan. Idan an sace asusun wani mamba: a cire lambar daga zaure nan da nan, a sanar kada kowa ya tura kuɗi, a kira shi ta layin waya. Shi kuma ya sake rajista da layinsa, shigarsa za ta fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya saka tasa lambar sirrin, mai yiwuwa sai mai asusun ya jira kwana 7 kafin ya shiga. Kada a mayar da shi sai wanda ya san muryarsa ya yi magana da shi.

Wata babbar yaya:

Batun manya da ka tambaya ba a taɓa shi sosai ba. Kada ka gyara wa babba a bainar jama'a, kuma kada ka yi da rubutu, rubutu ba ya ɗaukar ladabin murya. Kira shi, ka gaishe shi, ka ce "Yaya, saƙon nan ya ci karo da doka ta uku da muka amince, ina roƙon ka cire shi da kanka." Mafi yawa za su cire, don ka bar musu mutuncinsu. In ya ƙi, babban da ke cikinku shi zai kira. Amma saƙon sai ya sauka. Idan aka bar na babba aka goge na yaro, matasan za su lura a ranar, kuma ba za su ƙara saurarenka ba.

Ran da faɗa ya kaure, mayar da zauren adimin kaɗai ke iya rubutu, ka faɗi dalili da lokacin buɗewa, kamar awa biyu. Rufewa ba bayani tana ƙara wutar ne, su koma suna zaginka a gefe.

Ɗan'uwan farko:

Yaya, a nan ina da ɗan ja. Awa biyu ta yi kaɗan in da daddare ne, ana buɗewa za su ɗora daga inda suka tsaya. A bar shi har safe, a yi amfani da daren a kira mutum biyun da suka kunna wutar. Sai dai kada rufewar ta zama ta kullum, in ta yawaita mutane sukan daina magana gaba ɗaya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: in abokina ne ya yi laifi, ko da ni ake rigimar fa?

'Yar'uwar da ta yi maganar doka:

Ka janye hannunka, sauran adimin su yanke, kai ko gogewar kada ka yi. Ku rubuta wannan cikin dokokin tun yanzu. Ku kuma saka wa'adi, shekara ɗaya a sake zaɓe, ku raba kwanakin mako a tsakaninku, mai aikin ranar ya leƙa sau uku: safe, rana, dare. In za ka sauka, naɗa magaji kafin ka fita, domin adimin na ƙarshe in ya fice haka kawai, WhatsApp ne zai ɗauki wani cikin mambobi ya ba shi, ko wane ne.