Neman shawara: na sa waƙar wani a bidiyon biki, YouTube ta juya kuɗin

Mai tambaya, daga Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna. In na gama haɗa aiki, nakan sa waƙar da amarya ta zaɓa, in ɗora a YouTube. Yanzu saƙo ya zo cewa waƙar da mai ita, kuɗin talla wurinsa za su tafi. Wani ya ce mini in ban wuce daƙiƙa 30 ba kuma na rubuta sunan mawaƙin, ba laifi. In ƙalubalanta ko in bari?

Wani yaya, daga Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka ƙalubalanta. Zancen daƙiƙa 30 ba ya cikin doka, rubuta suna kuma ba izini ba ne. Na'urar Content ID, wadda YouTube ke tantance waƙoƙin masu haƙƙi da ita, ce ta gane waƙar, kuma wannan saƙon bai taɓa tasharka ba tukuna. Amma in ka ja ba hujja, mai waƙar yana iya sa a sauke bidiyon, a rubuta maka gargaɗi. Gargaɗi 3 cikin kwana 90, tasha ta tafi da duk wahalarka.

Sassaucin amfani da aikin wani ba izini da kake ji ana faɗa, na dokar Amurka ne ta 1976, can ma alƙali ke aunawa. Mu a Nijar dokar haƙƙin mawallafi ta 2010 ke aiki, kuma abin da aka yafe ƙayyadadde ne, kamar sauraro cikin iyali, koyarwa, ko ɗan tsakure don sharhi. Aikin da aka biya ka ba ya ciki.

Wata mawaƙiya:
Malam, abin nan yana ci mana tuwo a ƙwarya. Mu biya sutudiyo, mu biya mai kiɗa, sai mu tsinci muryarmu a bidiyon kowa. Ka sani haƙƙi biyu ne a waƙa: na wanda ya tsara baiti da kari, da na wanda ya ɗauki nauyin naɗar sautin. Mawaƙi zai iya ce maka "je ka sa", alhali sautin na furodusa ne. Ka tuntuɓi BNDA, hukumar haƙƙin mawallafa ta Nijar, a Yamai, su ke karɓar wa mambobinsu kuɗin haƙƙi. Izini kuma ya zama a rubuce.

Wani abokin sana'a:
Ni yanzu mawaƙin gari nake sa ya yi wa amarya tata waƙar da sunanta, mu rubuta a takarda cewa har da ɗorawa a intanet. Iyaye ma sun fi so. Wurin walima kuma sai in ɗauko kiɗan kyauta na ma'ajiyar YouTube.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Yaya, to makaɗan da suka yi wasa a filin bikin fa, su ma sai na nemi izininsu?

Yayan Yamai:
Ƙwarai, masu wasa ma doka ta ba su nasu haƙƙin. Ka yi magana da shugabansu tun kafin ka kunna kyamara.