Motata mai lambar Nijar ta maƙale a Maigatari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na dawo gida Maigatari da zama daga Damagaram, da Toyota Hilux mai lambar Nijar. Takardun mallaka da sunana suke, lambar shasi ta yi daidai. Da izinin shiga na wucin gadi na tsallako, wa'adinsa ya kusa cika.

Na je neman lambar Najeriya, aka ce sai da shaidar biyan kuɗin kwastam. Na nemi biya, wani ejan ya ce tun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan tudu, sai ta tashar ruwa. Ga mota a ƙofar gida lulluɓe da tamfol, ga riɗi a gona yana jiran ɗauka.

Akwai halastacciyar hanyar biyan kuɗin daga nan, ba sai motar ta zagaya ta Legas ba?